Yadda ake gane namun daji ta alamun jikin icce da ta hotunan tarkon hoto

Gabatarwa

Mafi yawan namun dajin da suka rage a ƙasar Nijar ba a ganinsu da ido. Damisa, dage, beguwa, dabgi da tunkun juda duk da dare suke fita, waɗanda suke kiwo da rana kuwa sun koyi guje ma mutum tun kafin ya hango su. Saboda haka duk mai son sanin abin da yake cikin wani daji, tilas ya dogara bisa shaida. A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba shaida iri biyu: ta farko ita ce alamar da dabba take bari a jikin icce, wadda mahalba da makiyaya suka daɗe suna karantawa; ta biyu ita ce hoton da na'ura take ɗauka da kanta idan dabba ta gitta gabanta. Wannan na'ura ce ake ce ma piège photographique da faransanci, mu kuwa za mu kira ta tarkon hoto.

Abin da muke son nunawa shi ne, kowace ɗaya daga cikin shaidun nan biyu tana da wurin da take ruɗin mai bincike, kuma inda ɗaya ta kasa, sau da yawa nan ɗayar take da ƙarfi. Kuskure a nan yana da tsada. Binciken da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2014 ya nuna cewa zakunan Afirka ta yamma gaba ɗaya wajen 400 suka rage, manyan cikinsu ba su kai 250 ba, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari suna cikin dazuzzukan W, Arli da Panjari da suka haɗa Nijar, Burkina Faso da Benin. Idan adadi ya yi ƙasa haka, wanda ya ƙidaya zaki guda sau biyu, ko ya ɗauki aikin wata dabba a kan na zaki, ya sa hukuma ta tsara kariya bisa abin da babu.

1. Abin da icce yake faɗi

Wanda ya tsaya gaban iccen da aka taɓa, tambaya uku zai yi ma kansa, bi da bi: daga ƙasa zuwa alamar nawa ne tsawo, da me aka yi ta (haure, haƙori, akaifa, ƙaho ko gatari), sa'an nan yaushe aka yi ta. Sunan dabba shi ne na ƙarshe. Mun lura ɗalibai sukan juya tsarin, su fara da sunan dabbar da suke fatan samu, sa'an nan su nema mata hujja.

Mu fara da giwa, tun da aikinta ya fi na kowa bayyana. A Gandun W, wanda aka kafa a shekarar 1954, kuma ya ci sunansa daga lanƙwasar da kogin Isa yake yi mai kama da harafin W, ba wuya a tarar da kukar da giwaye suka ɓare. Giwa tana soka haurenta ƙarƙashin ɓawo, ta ɗaga bakinsa, ta kama da hannunta ta ja sama. Ɓawon yakan tsage dogo, ya yi ta siranta har ya katse can bisa, inda hannun mutum ba ya kaiwa. Bakin raunin ba daidai yake ba, zare-zare ne, kuma akan ga gurbin haure a kwarzane cikin naman iccen. Da rani, idan ruwa ya yi wuya, giwa ba ta tsayawa ga ɓawo: takan haƙa cikin kukar ta ci ɓargonta mai damshi, har wata kukar ta faɗi. A gindi akan sami dunƙulen zaren da ta tauna ta tofar.

To amma mutum ma yana ɓare kuka, domin igiya. Bambancin a fili yake ga wanda ya natsu. Mai igiya yakan yanka sama, ya yanka ƙasa, ya fitar da fallen ɓawo mai kusurwa huɗu, bakinsa a miƙe, kuma aikin bai cika wuce tsayin mutum ba. Tun da kuka tana mayar da ɓawonta, shekara da shekaru ana ganin tabon kamar faci a jikin riga. Cikin gandun da aka hana shiga, wannan bambanci shi yake raba rahoton da zai ce giwaye sun dawo da wanda zai ce mutane suna shiga.

Akwai kuma laka. Giwa, ɓauna da gadu duk suna birgima cikin taɓo, su fito su goga jikinsu a icce ko a suri. Wurin da suka saba gogawa yakan yi sumul, laka ta bushe bisa kansa. A nan ma'auni yake aiki. Lakar gadu daga gwiwar mutum zuwa cinya take tsayawa, ta ɓauna ta kai ƙugu ko ƙirji, ta babban toron giwa kuwa tana iya kai mita 3. Sai dai ɗan giwa da ɓauna tsayinsu yakan zo ɗaya, haka nan saniya da ɓauna, ga shi kuwa garken shanu suna ratsa gandun lokacin ƙaura. Don haka a duba gashin da ya maƙale cikin lakar, a kuma duba sawun da yake gindi. Ga giwa akwai wani tsohon lissafi na mahalba wanda ya yi kusa da gaskiya: a auna kewayen sawun ƙafar gaba, a ninka biyu, an sami tsayin kafaɗa.

Haƙori ya fi wuyar karantawa, amma akwai ƙa'ida guda mai taimako. Dabbobi masu tuƙa, kamar saniya, akuya, barewa, gwanki da raƙumin dawa, ba su da haƙoran gaba na sama. Dasashi ne mai tauri a wurin. Ba su iya datse reshe, sai su riƙe su fizge, bakin reshen ya fito a tsattsage. Zomo kuwa yana datsewa a karkace kamar da wuƙa. Beguwa ita ma da haƙori take aiki, a gindin icce, ƙasa da gwiwa: takan gwigwiye ɓawo ta bar layi biyu-biyu a jere, gurbin manyan haƙoranta na gaba, wani lokaci ta kewaye iccen har ya mutu. Idan aka duba da kyau, da wuya a rasa ƙayarta ko guda a kusa.

Sai akaifa, watau farce. A nan ne aka fi yin gaggawar yanke hukunci, domin kowa yana son a ce shi ya gano damisa. Damisa tana hawan icce, kuma tana ɗora namanta bisa cokalin reshe. Alamarta layuka ne masu zurfi, uku ko huɗu a jere, rukuni-rukuni suna hawa sama har reshen farko. Idan icce ne da take ajiya, za a ga gashin abin da ta kama a jikin ɓawo, da ƙasusuwa a ƙasa. Zaki yakan miƙe bisa ƙafafun baya ya karce icce, alamar ta tsaya wuri guda, mai faɗi, ba ta ci gaba sama. Kura da dila ƙasa suke tona, ba su karce icce. Abin da yake ruɗi shi ne damo da guza, waɗanda su ma suna hawa, su bar karce sirara barkatai, da kuma dage mai fasa kogon zuma. Dage yakan tsattsage bakin kogon, ya zubar da ɓawo da saƙa. Mai ɗibar zuma kuwa yakan bar saran gatari da baƙin hayaƙi.

A yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, da kwarin Dallol Boso, inda raƙuman dawa suke zaune tare da manoma, abin dubawa shi ne iyakar da ganye ya ƙare. Akuya idan ta miƙe ba ta wuce mita 2, raƙumin gida yakan kai mita 3 da rabi, babban namijin raƙumin dawa kuwa yakan kai mita 5. Gawo yana fitar da ganye da rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, don haka kowa a kansa yake: raƙumin dawa, dabbar gida da makiyayi mai sassabe. Raƙumin dawa yana zare ganye da harshensa ya bar tsinken reshe tsirara a maƙale. Makiyayi kuwa reshen yake sarewa ya faɗo. Idan mai gona ya kawo kuka cewa an lalata mashi gawo, wannan kaɗai ya isa a san inda za a dosa.

Game da lokaci, ba mu da ma'auni tabbatacce. Sabon rauni yana da damshi da haske, ƙaro ko ruwan icce yana tsattsafowa, tururuwa tana bisa. Cikin hunturu iska takan busar da shi cikin yini guda. Bayan damina guda launin ya koma toka-toka, bakin ya fara naɗewa. Daga nan kuma sai kintace.

Wannan ya kawo mu ga babban raunin shaidar icce. Ba ta ƙidaya: giwa guda tana iya ɓare itatuwa goma cikin dare. Kuma alama tana daɗewa bayan mai ita. Kuka tana iya ɗauke da tabon haure shekaru da yawa bayan giwa ta ƙarshe ta bar dajin, sai baƙo ya zo ya rubuta cewa akwai giwaye.

2. Abin da hoto yake faɗi

Tarkon hoto ba sabon abu ba ne. Wani Ba'amurke, George Shiras, tun cikin shekarun 1890 ya riƙa ɗaura zare a hanyar dabbobi, idan suka taɓa sai na'ura ta ɗauka. An buga hotunansa a mujallar National Geographic a 1906. Abin da ya mayar da shi kayan ƙidaya shi ne aikin Ullas Karanth a dajin Nagarahole na Indiya, wanda a 1995 ya nuna cewa ana iya gane kowace damisar Asiya ta zanen jikinta, a kuma kimanta yawansu daga sau nawa aka sake ɗaukar waɗanda aka riga aka sani.

Na'urar yau ƙaramin akwati ce mai aiki da pil, ana ɗaure ta a jikin icce. Tana da ido mai jin ɗumi: idan wani abu wanda ɗuminsa ya bambanta da na wurin ya motsa gabanta, sai ta ɗauka, ta rubuta kwanan wata da sa'a bisa hoton. Da dare yawancinsu suna haskawa da hasken infararuj, wanda idon mutum ba ya gani, hoton ya fito baƙi da fari.

Wannan tsari yana da wata illa da ta shafe mu musamman. Ɗumin jikin dabba wajen digiri 38 ne. A watan Afirilu da Mayu, da tsakar rana, iska takan wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da Damagaram, ƙasa kuwa ta fi haka zafi. A irin wannan lokaci dabba tana iya wucewa gaban na'ura ba ta ji ta ba. Wanda bai san haka ba sai ya ce dabbobi sun daina yawo da rana cikin bazara, alhali wani ɓangare na wannan ragi daga na'urar yake. Da damina kuma akasin haka ake samu: ciyawar da rana ta gasa tana kaɗawa, na'ura tana ta ɗaukar banza har pil ya ƙare. Ko a Serengeti ta Tanzaniya, inda aka kafa na'ura 225 daga 2010 zuwa 2013, cikin ɗauka miliyan 1 da dubu 200, wajen dubu 320 kawai aka tarar da dabba ciki. Don haka ake share ciyawar gaban na'ura, a fuskantar da ita arewa ko kudu don kada hudowar rana da faɗuwarta su buge ta, a ɗaure ta wajen santimita 40 ko 50 daga ƙasa idan masu cin nama ake nema. Kura tana tauna akwatin, giwa tana tumɓuke shi, gogo yana juya shi sama, gobarar daji tana narka shi.

Idan hoto ya samu, aikin farko shi ne gane jinsi. Hoto ba ya nuna girma. Kyanwar daji da ta wuce dab da na'ura takan fito kamar zakanya, musamman idan haske ya wanke jikinta fari fat. Maganin wannan mai sauƙi ne, amma ana yawan mantawa: ranar da aka ɗaura na'ura, mutum ya tsaya gabanta da sanda mai alamar santimita, a mita 2, a mita 4, a mita 6, a ajiye hotunan domin gwadawa. Tun da launi yana ɓacewa da dare, sai a koma ga siffa. Kura tana da ɗigo-ɗigo da kunne mai kewaye. Sayaki yana da zane-zane, da kunne mai tsini, da geza har gadon baya. Gwanki ƙahonsa ya lanƙwasa baya kamar lauje, fuskarsa da baƙi da fari. Kanki fuskarsa doguwa ce, ƙahon ya tashi bisa tudu ya karye baya. Damisa tabonta zobe-zobe ne, jikinta a murɗe. Rabbi ɗigonsa cikakke ne, ƙafafu dogaye, da baƙin layi daga ido zuwa baki. A shekarar 2010 tarkon hoto ya ɗauki rabbin Sahara a duwatsun Termit, dabbar da makiyayan wurin suka san sawunta, amma ba a cika samun wanda ya gan ta ba.

Aiki na biyu, gane dabba ɗaya-ɗaya, shi ne mai wuya. A nan Nijar muna da kyakkyawan misali, ko da yake da na'urar hannu aka yi shi. Zanen jikin raƙumin dawa ba ya sakewa daga haihuwa har mutuwa, kuma ba biyu da suke da iri ɗaya. Ta hanyar kundin hotuna, dama da hagu na kowane guda, aka san cewa 49 suka rage a 1996, kuma ta wannan hanya aka bi ƙaruwarsu har suka haura 600 kafin 2018, shekarar da aka kai 8 gandun Gadabeji cikin jihar Maraɗi. A lura da kalmar dama da hagu. Gefe biyu na dabba guda ba su kama da juna. Wanda yake da hoton damar wata damisa da hoton hagun wata, ba shi da ikon cewa biyu ne ko guda. Shi ya sa ake kafa na'ura biyu suna fuskantar juna, hanya a tsakani.

Giwa ana gane ta ta yagewar kunne da siffar haure. Zaki kuwa ba shi da zane. Tun 1970 Pennycuick da Rudnai suka nuna ana iya bambanta zakuna ta ɗigon da yake gindin gashin baki, amma hoton dare ba ya cika fitar da wannan, sai a koma ga tabo da yagewar kunne, su kuwa suna sakewa.

Har ga dabbobi masu zane, ido yana kuskure. A 2020 Örjan Johansson da abokan aikinsa sun gwada masu kallo da hotunan damisar ƙanƙara 16 na gidajen ajiye dabbobi, waɗanda aka riga aka san kowace. An yi kuskure a kashi 12,5 cikin ɗari, kuma yawancin kuskuren gefe guda ya karkata: a ɗauki dabba guda a ce biyu ce. Sakamakon shi ne adadin ya kumbura da wajen kashi ɗaya cikin uku. A ganinmu, duk ƙidayar da mutum guda ya yi shi kaɗai, a riƙe ta da shakka har wani ya sake duba hotunan ba tare da ya ga amsar na farko ba.

Yawan hoto kuma ba yawan dabba ba ne. Garken gogo idan ya zauna gaban na'ura yakan ba da hoto ɗari uku cikin sa'a guda, don haka masu bincike da yawa suna ɗaukar duk hotunan jinsi guda da suka zo cikin minti 30 a matsayin zuwa guda. Rashin hoto ma ba rashin dabba ba ne, tun da na'ura ƴan mitoci kaɗan take gani.

3. Haɗa su biyu

Tun da na'ura ba ta ganin nesa, duk nasararta ta rataya bisa inda aka ɗaure ta, wannan kuwa icce ne yake faɗi. Damisa tana komawa iccen da ta saba karcewa. Rabbi yana da itatuwa da duwatsun da yake zuwa ya bar kashi da fitsari. Tunkun juda yana shafa turarensa a ƙananan itatuwan bakin hanyarsa, yana kuma kashi wuri guda. Tsohon mahalbi ya san waɗannan wurare, ɗalibin da ya zo da taswira bai san su ba. Sai dai a faɗa cikin rahoto cewa da gangan aka zaɓi wurin, domin na'urar da aka ɗaura a iccen damisa za ta nuna damisa fiye da yadda take a sauran dajin.

A ɗaya gefen, hoto yana gyara karatun icce. A ce an tarar da tsamiya mai karce a bakin gulbi, jagora ya ce damisa ce. A auna tsawo da faɗin karcen, a ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, a ɗaura na'ura a bar ta wata guda. Idan damisa ta fito, an sami alama tabbatacciya da za a riƙa gwada wasu da ita. Idan guza ce take ta hawa da sauka, an koyi wani abu. Idan ba abin da ya fito, a rubuta cewa alama tsohuwa ce ko ba a tabbatar ba. Kada a rubuta cewa babu damisa.

Akwai matsalar suna, wadda ta shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Biri, gada, barewa da kura sunaye ne da mai magana yakan yi amfani da su ga jinsi fiye da ɗaya, kuma a kewayen Gandun W jagora yana iya zama Bazabarme, Bafillace ko Bagurme. Shawararmu ita ce takardar bincike ta zama da gurbi biyu: ɗaya na sunan da aka faɗa, da harshen da aka faɗe shi, yadda ya fito daga bakin mai shi, ɗaya na sunan kimiyya, wanda ba za a cika ba sai hoto ko gashi ko sawu ya tabbatar.

Tarkon hoto yana ɗaukar mutane kamar yadda yake ɗaukar dabbobi: makiyayi, mai itacen wuta, mace mai ɗibar ganye. Tun bayan harin Kure na ranar 9 ga Agusta 2020, wanda ya ci ran mutum 8, da taɓarɓarewar tsaro a kewayen Gandun W, akwatin da aka ɓoye a jikin icce yana iya jawo ma wanda ya ɗaura shi, da jagoransa, zargin leƙen asiri. Kafin a ɗaura ko guda, a je wurin mai gari da ardon Fulani da ma'aikatan gandun daji, a nuna masu na'urar, a buɗe ta gabansu, a kuma yi yarjejeniya a kan abin da za a yi da hoton da mutum ya fito ciki.